Kiwon lafiya: ɗaurin miki a kan fata mai saurin yin bororo

1. Fata da aikinta

Yara, ku dubi bayan hannunku. Ku kama fatar da yatsu biyu, ku ɗan matsa. Kun ji zafi? To, fata ce take yi muku magana.

Fata ita ce rigar jiki. Tana hana ƙura da ƙwayoyin cuta shiga. Tana fitar da gumi. Tana kuma ba mu labari: nan akwai wuta, nan akwai ƙaya, nan takalmi ya matse.

Fata hawa biyu ce. Ta sama siririya ce. Ta ƙasa ta fi kauri, a cikinta hanyoyin jini da jijiyoyin ji suke. In wani abu ya yi ta gugar fata, ko ya ƙone ta, sai ta sama ta rabu da ta ƙasa, ruwa ya taru a tsakaninsu. Wannan shi ne bororo. Wanda ya yi noma da sabuwar hauya ya san shi. Wadda ta wuni tana daka, ko tana jan guga a rijiya, ita ma ta san shi.

Ga mai lafiya, bororo ƙaramin abu ne. Zafi zai sa ya huta, bayan ƴan kwanaki ya warke. Amma akwai waɗanda bororo ɗaya kan jawo musu jinyar watanni.

2. Masu fata mai rauni

Fatar tsofaffi da ta jarirai ba ta da ƙwari. Haka fatar wanda ya taɓa ƙonewa, da ƙafar mai ciwon suga. Akwai kuma wasu yara ƴan kaɗan da ake haifa da fata mai saɓulewa. Ko ɗinkin riga ya goge su sai bororo ya fito. Wannan ciwo gado ne, ba a ɗaukarsa.

A nan Zinder, mutanen da suka yi fama da kuturta suna cikin masu shan wahalar miki. A da, an ware masu wannan ciwo a unguwar Kara-Kara, nesa da sauran jama'a, saboda tsoro da rashin sani. Yau mun san abin da mutanen da ba su sani ba. Ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta. Wani likitan ƙasar Norwe, Gerhard Hansen, shi ya fara ganin ta a 1873. A 1981 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawarar a haɗa magunguna a riƙa ba masu ciwon. Tun 1995 kyauta ake ba da su. Ana sha wata 6 ko wata 12, mutum ya warke sarai. Wanda ya fara shan magani ba ya ba kowa ciwon. A 2023 an samu sababbin masu ciwon fiye da 180 000 a duniya, saboda haka har yanzu da sauran aiki.

Magani yana kashe ƙwayar cuta. Amma jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta farfaɗo. Hannu da ƙafa sai su daina ji, su daina gumi. Fata ta bushe, ta yi kaushi da faso, musamman da hunturu. Mutum zai ɗauki butar shayi daga kan garwashi bai ji zafi ba. Zai taka daga Kara-Kara har Kasuwar Dole da tsakuwa cikin takalmi bai sani ba. Da yamma sai ga bororo. In ya ci gaba da takawa, bororo ya fashe, ya zama miki. In ba a kula ba, miki ya kai ga ƙashi.

Mutane suna cewa kuturta ce ke cinye yatsu. Ku lura da kyau: yawanci mikin da aka bari ne ke cinye su. Ashe ke nan, wanda ya iya kula da bororo ya iya tsare yatsu.

3. Kayan ɗauri hawa uku ne

A likita, ɗaurin miki shi ake kira pansama. Ɗauri mai kyau hawa uku ne, kowanne da aikinsa.

Na ɗaya, wanda yake taɓa miki. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ya liƙe. A kan miki akwai sabuwar fata da take tsirowa, ta fi takarda sirantaka. In ƙyalle ya bushe a kanta, ranar cirewa zai tafi da ita, aikin kwana uku ya lalace cikin minti ɗaya. Shi ya sa ake sa ƙyallen likita mai maiƙo, wanda aka jiƙa da bazalin. Yana da ƴan ƙofofi kamar raga, ruwan miki yana bi ta ciki. Wani Bafaranshe, Auguste Lumière, shi ya ƙirƙiro shi lokacin Yaƙin Duniya na farko, 1914 zuwa 1918, don sojojin da suka ji rauni. Shi da ƙanensa Louis ne suka shahara wajen ƙirƙiro silima. Yanzu akwai wani iri na silikon, wanda yake kama fata a hankali ya saki ba ciwo. Shi ya fi dacewa da yaran nan masu fata mai saɓulewa, sai dai yana da tsada.

Na biyu, wanda yake shanye ruwa. Wannan busasshen ƙyallen likita ne, wato kwamfiras. Ana ninka shi a ɗora a kan na farko. Yana tsotse ruwan miki, yana kuma zama matashi mai taushi.

Na uku, wanda yake riƙewa. Wannan shi ne bandi, wasu suna cewa bandeji. Ana naɗa shi a kan sauran biyun.

Akwai masu cewa a bar miki ya sha iska ya bushe. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada wannan a kan fatar aladu. Ya ga mikin da aka rufe, mai ɗan laima, ya fi wanda aka bari a buɗe saurin yin sabuwar fata. Ga kuma ƙuda da ƙurar garinmu. Saboda haka miki a rufe shi.

4. Abubuwan da ba a sawa

Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ga abubuwan da suke ƙara ɓata miki:

- Filasta mai danƙo a kan fata mai rauni. Tana ɗaye fata in an zo cirewa. In dole ne a yi amfani da ita, a manna ta a kan bandi, kada ta taɓa jiki.
- Auduga a kan miki kai tsaye. Zarenta yana maƙalewa a ciki.
- Toka, ƙasa, kashin shanu, baƙin man mota, ko garin batir. Ƙasa da kashin dabbobi suna ɗauke da ƙwayar ciwon sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos. Yana kisa.
- Alkol a cikin miki. Yana ƙone sabuwar fata.
- Tsumma mai dauɗa. In babu kayan likita, a wanke farin ƙyalle da sabulu, a tafasa shi, a shanya a kan igiya, a goge da dutsen guga.

5. Kowane miki da irin ɗaurinsa

Bororon da bai fashe ba: kada a huda shi da ƙaya ko reza. Fatar da ke kansa ita ce murfinsa. A wanke, a rufe da kwamfiras mai kauri, a hutar da wurin. Yara masu fata mai saɓulewa dai ana huda musu bororo, don nasu yana yaɗuwa. Wannan kuwa ma'aikacin lafiya ne yake koya wa iyaye.

Bororon da ya fashe: a wanke, a sa hawa uku.

Ƙuna: da farko a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Sannan a rufe da ƙyalle mai maiƙo. In yatsu ne suka ƙone, a naɗe kowane yatsa daban, kada su haɗe da juna.

Miki mai zurfi, ko mai wari: wannan ya wuce aikin gida, sai likita.

6. Yadda ake ɗauri

Wannan aikin manya ne, amma ɗan makaranta yana iya taimakawa, yana iya tunatarwa.

a) A wanke hannu da ruwa da sabulu.
b) A haɗa ruwan gishiri: litar 1 ta tafasasshen ruwa, gishiri gram 9, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya da rabi. A bari ya huce.
c) A kwance tsohon ɗauri sannu a hankali. In ya liƙe, kada a fizga. A jiƙa shi da ruwan gishiri har ya saki da kansa.
d) A zuba ruwan a kan miki. Kada a dirje. A tsane gefensa da kwamfiras.
e) A sa ƙyalle mai maiƙo, sannan busasshe, sannan bandi.
f) A fara naɗi daga wajen yatsu a yi sama. A bar kan yatsu a waje don a riƙa ganin su.
g) A zura yatsa ɗaya ƙarƙashin bandi. In bai shiga ba, ya matse, a sassauta.
h) A ƙone tsohon ɗauri ko a binne shi, a sake wanke hannu.

Ku riƙe mataki na (g) sosai. Mai ji zai ce, "Wayyo, ya matse!" Wanda ƙafarsa ba ta ji ba zai ce komai ba, har jini ya tsaya. Idon mai ɗauri ne zai ji masa.

A sake ɗauri da zarar ya jiƙe ko ya yi dauɗa, ko ranar da likita ya ce.

7. Karatu: Kaka da jikarsa

Wani tsoho ya dawo daga kasuwa bayan la'asar. Ya warke daga kuturta tun da daɗewa, amma ƙafarsa ba ta ji. Jikarsa, ƴar aji huɗu, ta kawo masa ruwa a kwano.

Ta ce, "Sannu da dawowa, Kaka. Kawo ƙafar in gani."

Ya yi dariya ya ce, "Kai, amarya, ƙafar nan lafiyarta lau. Ba abin da nake ji."

Ta ce, "Ai shi ya sa zan duba, Kaka."

Ta duba tafin ƙafa, da dunduniya, da tsakanin yatsu. Sai ga bororo a ƙarƙashin babban yatsa. Ta zura hannu cikin takalminsa, ta zaro ƙarangiya.

Tsoho ya ce, "Miƙo mini allura in huda shi. Gobe da sassafe zan koma kasuwa."

Ta ce, "Don Allah, Kaka, ka yi haƙuri. Malam ya ce bororon tafin ƙafa ba ya warkewa in ana taka shi. Bari in kira Inna ta ɗaure maka. Yaya ya tafi kasuwa a madadinka."

Tsoho ya yi shiru, ya dubi yatsunsa biyu da suka gajarce tun yana saurayi. Ya ce, "Da na sami mai gaya mini haka a wancan lokaci, da yanzu suna nan. Kira ta. Allah ya yi miki albarka."

8. Rigakafi ya fi magani

Mai ƙafa ko hannu marar ji, kullum ya yi abu huɗu. Ya duba fatarsa da ido. Ya jiƙa ta cikin ruwa marar zafi kamar minti 20. Ya goge kaushi da dutse a hankali. Ya shafa man kaɗe ko bazalin tun fatar ba ta bushe ba. Kada ya yi tafiya ba takalmi, kuma ya kakkaɓe takalmin kafin ya sa. Tukunya da butar shayi a kama su da ƙyalle mai kauri.

A tafi likita ba da ɓata lokaci ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: kumburi, mugunya, wari, kaluluwa, masassara, ko mikin da ya yi sati biyu bai ragu ba. Likitar unguwa za ta tura mutum Babban Asibitin Zinder in abin ya yi tsanani. A Danja kuma, kusa da Maraɗi, akwai asibitin da yake kula da masu kuturta tun shekarun 1950. Wanda ya ga wani tabo a jikinsa da ya fi sauran fata haske, kuma ba ya ji a wurin, ya je a duba shi tun jijiya ba ta taɓu ba.

Mu riƙe

Ɗauri hawa uku ne: marar liƙewa, mai shanyewa, mai riƙewa. Ba a manna filasta a kan fata mai rauni. Ba a fizgar ɗaurin da ya liƙe. Ƙafa mai miki hutu take so. Wanda ya yi kuturta ɗan'uwanmu ne, muna gaisawa da shi, muna cin abinci tare.

Kalmomi da Faransanci

miki: la plaie
bororo: l'ampoule
ƙuna: la brûlure
ƙyalle mai maiƙo: le tulle gras
filasta: le sparadrap
kuturta: la lèpre

Tambayoyi

1. Yaya bororo yake samuwa?
2. Me ya sa wanda ya yi kuturta yake ƙonewa bai sani ba?
3. Faɗi hawa uku na ɗauri da aikin kowanne.
4. Me za ka yi in ɗauri ya liƙe a kan miki?
5. Don me yarinyar ta hana kakanta komawa kasuwa?

Lissafi

Litar 1 ta ruwa tana son gishiri gram 9. Gram nawa za a sa a litar 3? Gram nawa za a sa a rabin litar?

Aiki

1. Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya naɗa wa abokinsa bandi a hannu, malam ya zo ya zura yatsa ya gani.
2. Ranar Lahadi ta ƙarshen watan Janairu ita ce Ranar Kuturta ta Duniya. Wani Bafaranshe, Raoul Follereau, ya kafa ta a 1954. Ku rubuta jimloli biyar da za ku karanta wa iyayenku a wannan rana.
3. Yau da yamma, kowa ya duba takalman tsofaffin gidansu. Gobe ku faɗa wa aji abin da kuka samu a ciki.