Yadda Za Ka Haɗa Ɗakin Tarihin Dogarai da 'Yan Sanda a Damagaram

A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder (Damagaram) zuwa Yamai; 2026 shekara 100 ke nan cif. In kana son bikin cikar shekara 100 ɗin ya bar abin nunawa, tara 'yan sa-kai ku buɗe ɗakin tarihin masu tsaron garin nan: dogaran fada, gardin zamanin Nasara, da 'yan sandan bayan 'yancin 1960. Ɗaki ɗaya ya isa.

1. Fara da tsofaffi. Gobe da safe cika wayarka da caji, ka nufi fada a Birni, ka nemi iso wajen manyan dogarai. Tambaye su wa ke tsaron ƙofofin ganuwar Sarki Tanimun, yadda ake kama ɓarawo a kasuwa, da abin da ya sauya bayan shigowar Faransawa a 1899. Naɗi muryarsu da izininsu, kada ka katse su. Daga nan ka bi gidajen 'yan sandan da suka yi ritaya a Zango da Sabon Gari. Tsohuwar hula za ta jira ka, mai hular ne ba tabbas.

2. Duk abin da aka ba ka, ko usur ne, rubuta nan take: wa ya bayar, na wane ne, aro ne ko kyauta. Mai kaya ya sa hannu, saboda magada.

3. Bindiga da harsashi, kada ka karɓa. Kaki kuma, sai da izinin komisariya.

4. Gara da ƙura ba su da mutunci. Sa takardu cikin akwatin ƙarfe, ka ɗora shi kan bulo, nesa da bango. Ɗauki hoton kowace takarda, kada gam ya taɓa ta. Rigar dogari mai ja da kore, rana kan cinye launinta. Rataye ta nesa da taga.

5. Faɗi mai ɗacin ma. Gardi sun karɓi haraji, sun tasa mutane aikin dole har aka soke shi a 1946. Jikokin waɗanda aka tasa za su shigo ɗakin nan, kuma sun san labarin.

6. Nemi ɗaliban Jami'ar André Salifou su rubuta bayanin kowane kaya da Hausa da Faransanci. A ƙara da ajami domin dattawa.

Ranar bikin, taƙaita jawaban manya, ka miƙa wa tsofaffin lasifika. Sannan kafin a watse, a rubuta sunan wanda zai riƙa buɗe ɗakin kowace Asabar.