Yadda Ake Bin Foldodin Kwamfuta Ɗaya Bayan Ɗaya da Python

Kwamfuta na ajiye fayil a cikin folda, foldar kuma a cikin wata, har a tuƙe ga tushe guda, kamar C: ko D: a Windows. Tsarin ya faro daga Multics a shekarun 1960, Unix ya gaje shi. A shagunan masu turi na Rigasa, inda ake loda wa jama'a fina-finai da wa'azi a memori, ma'ajiya ɗaya kan ɗauki dubban fayiloli: ga foldar Kannywood, kowane fim mai dogon zango da tasa, kowane zango ma da tasa, can gefe ga Indiya-Hausa, ga tafsirin azumi shekara-shekara. Ƙidaya su da hannu aikin yini ne.

Da farko ana ba manhaja adireshin tushe. Sai ta karanto abin da ke ciki ta raba shi biyu, fayiloli daban, foldodi daban. Fayil ana yi masa aikin da ake so nan take. Folda kuwa shiga ake yi a maimaita wannan matakin, har a isa wadda babu wata a cikinta, sannan a dawo baya a kama ta gaba.

Python ya sauƙaƙa wannan da os.walk tun 2003. Duk foldar da ya shiga, abu uku yake miƙowa: adireshinta, sunayen foldodin cikinta, da sunayen fayilolinta. Sunan fayil tsura ba ya kai mutum gare shi, dole a haɗa shi da adireshin ta os.path.join. Daga nan os.path.getsize zai faɗi girmansa, a riƙa tarawa. Wannan na da amfani ga mai turi, domin memorin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4. Gara a gano shi kafin kwastoma ya zauna jira.

Foldar da ba a buƙata, a cire sunanta daga jerin sunayen foldodin da os.walk ya miƙo, ba za a shige ta ba. Wadda Windows ya kulle kuwa, os.walk tsallake ta yake yi shiru, sai an ba shi onerror zai sanar. In gogewa za a yi, a sa topdown=False a faro daga can ƙasa, saboda os.rmdir ba ya cire foldar da ke da kaya a ciki.