Darasin wannan wata: baƙo, maigida da ɗan sanda, wa zai gaya wa wa?



Tun wajen 2015 ƙasar Burkina Faso ke fama da hare-haren masu ɗauke da makamai, har a 2023 gwamnatin ƙasar da kanta ta ƙirga mutane fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu suna cikin ƙasar. Wasu dubbai sun tsallako arewacin Gana. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Gana da ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun buɗe musu matsuguni a Tarikom, cikin gundumar Bawku ta Yamma, da wani a Zini, can arewa maso yamma. Amma da yawansu ba su shiga matsugunan ba. Suna zaune a ƙauyukan bakin iyaka irin su Sapeliga, wajen dangi, domin iyakar nan tsakiyar Kusasawa da Busanga da Mosi ta ratsa. Wasu kuma sukan biyo motocin shanu da na albasa su gangaro Techiman, Kumasi ko Ashaiman. Baƙon da ya sauka a tasha bai san kowa ba, zango zai tambaya. Shi ya sa zancen ya zama namu.

Duk inda baƙi suka yi yawa, hukuma takan ce jama'a su taimaka mata da tsaro. Abin da ake nufi da tsaro na haɗin gwiwa ke nan: ɗan sanda ba zai iya tsayawa a kowane lungu ba, don haka mazauna unguwa su zama idonsa da kunnensa, shi kuma ya zama wanda suka sani, suke iya tunkara. A watan Mayun 2022 ma'aikatar tsaron ƙasa ta Gana ta ƙaddamar da shirin da ta sa wa suna "See Something, Say Something", wato in ka gani ka faɗa, ta ba da lamba 999 a kira kyauta. Niyyar mai kyau ce, kuma haɗarin da ake gudu gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Sai dai akwai tambayar da kowane maigida ya kamata ya yi wa kansa: in ka ga me?

In ba a fayyace wannan ba, mutum yakan cike gurbin da abin da ya riga ya ji tsoro. Sai "na ga wani abu" ya koma "na ga wani Bafillace". A watan Yulin 2023 aka ba da rahoton cewa jami'an tsaro sun mayar da ɗaruruwan 'yan Burkina ƙasarsu, akasarinsu mata da yara, yawanci Fulani. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito fili ta nemi a dakata, gwamnati kuma ta musanta cewa wata ƙabila take nufi. Ba mu zo yanke hukunci a nan ba. Abin da ya shafi darasinmu shi ne abin da irin wannan labari ke yi wa zuciyar baƙo. Matar da ta ji an kwashe maƙwabtanta ba za ta sake zuwa a rubuta sunanta ba. Ko ta ga wanda ya ƙone ƙauyensu yana yawo a kasuwar Zebilla, shiru za ta yi. Alhali ita ce ta san fuskarsa, ba mu ba, ba ɗan sanda ba. Wanda ya gudo daga wuta ya fi kowa sanin ƙamshin hayaƙinta, kuma shi ne mutum na farko da tsoro ke rufe wa baki.

Dattawanmu ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Waɗanda suka ga Nuwamban 1969 suna tuna dokar gwamnatin Busia da ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, suna tuna gidajen da aka sayar a wulaƙance, da mutanen da aka haifa a nan aka ce musu su koma garin da ba su taɓa gani ba. Matasanmu kuma suna tuna Yulin 2018, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, daga baya kwamitin bincike bai sami hujjar hakan ba, gwamnati ta biya iyalansu diyya. Mun san ɗacin a yi maka hukunci da sunanka ko da unguwarku. Abin kunya ne mu ɗauki wannan ƙwarya mu miƙa wa wanda ya fi mu rauni.

To, yaya magana za ta tafi daidai?

Mu fara da abin da muke da shi tun kaka da kakanni. Zango bai taɓa rasa hanyar karɓar baƙo ba. Fatake masu zuwa sayen goro wajen maigida suke sauka. Shi ke ba su masauki, ya ajiye musu kuɗi, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu in rigima ta taso, ya kai su gaban sarkin zango a san da zamansu. Baƙo ko da ido makaho ne, maigida ne sandarsa. Wannan tsari shi ne ainihin abin da ƙwararru ke zama a otal suna zanawa a allo, mu dai ba mu sa masa suna ba. Abin da ya rage shi ne a ɗaura shi da hukuma ta yau. Wanda ya saukar da baƙo ya kai shi wajen sarkin zango ko shugaban ƙabilarsa, a san sunansa da garin da ya fito. In gudun hijira ya yi, a taimaka masa ya yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira, wadda dokar 1992 ta kafa don wannan aikin. Ɓoye baƙo a ƙuryar ɗaki ba taimako ba ne. Ranar da aka zo samame, rashin takarda ne zai fara cinsa, sannan ya ci maigidan.

Sai harshe. Sanarwar tsaro da Turanci ake rubuta ta, wani lokaci a fassara da Tuwi. Mutumin da ya fito daga kudancin Burkina kuwa Mosanci yake ji, ko Busanganci, ko Fulatanci, in ya yi makaranta ya ɗan taɓa Faransanci. A kasuwannin Bawku, Hausa ce gadar da kowa ke bi, kuma a zangonmu da wuya a rasa mai jin kowane ɗaya daga cikin harsunan nan. Wannan dukiya ce. Kowane zango ya kamata ya san mutum biyu ko uku amintattu, maza da mata, da za a iya kira ofishin 'yan sanda ko da tsakar dare su yi tafinta. Kada a sa yaro ya fassara wa uwarsa abin da aka yi mata. Kuma kowa ya riƙe wannan: sashe na 14 na tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce wanda aka kama a gaya masa dalili nan take cikin harshen da yake ji, a sanar da shi yana da damar ɗaukar lauya, in ba a sake shi ba a kai shi kotu cikin awa 48. Mutum aka ce, ba a ce ɗan ƙasa kaɗai ba.

Yanzu ga inda muke so a daɗe ana nazari, wato yadda ake kai rahoto. Mu ɗauka mutum biyu sun je wajen kwamanda. Na farko ya ce: "Ranka ya daɗe, akwai wasu baƙi a gidan bayan masallaci, ban yarda da su ba." Na biyu ya ce: "Ranka ya daɗe, daren Talata da na Alhamis, wajen ƙarfe biyu, na ga babura uku ba lamba sun tsaya a kangon da ke bayan makaranta, an sauke jarkokin mai da buhuna, kafin asuba sun tafi. Da idona na gani. Abin da ke cikin buhunan ban gani ba." Na farko bai ba ɗan sanda komai ba sai mutanen da zai kama. Na biyu ya ba shi wuri da lokaci da aiki, ya kuma raba abin da ya gani da abin da yake zato. A rahoto na biyu babu ƙabila ko ɗaya, kuma in aka bincika ana iya tarar da masu baburan 'yan gari ne masu fasa-ƙwaurin mai. Da ɗan gari kan ci gari. Mai sayar wa 'yan bindiga mai da babura da magani sau da yawa ba matar da ta shigo da goyo da ƙullin kaya ba ce.

Haka saƙon murya na WhatsApp, wanda ya zama mai shelar zamaninmu. Wani ya ce an ce an ga 'yan ta'adda a tasha, kafin la'asar ya zaga rukuni goma. Kafin ka tura, tambayi wanda ya turo maka: wa ya gani, yaushe, a ina? In ba amsa, ya mutu a wayarka. In akwai amsa, ba rukuni ne wurinsa ba, wajen sarki ne ko 191 ko 112. Mu tuna Manjo Maxwell Mahama, sojan da ya fita motsa jiki a Denkyira-Obuasi a watan Mayun 2017. An ga bindiga a ƙugunsa, aka ce ɗan fashi ne, taron jama'a suka kashe shi. A 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. In ji-ta-ji-ta ta iya cin hafsan soja a ƙasarsa, ina ga baƙon da ba ya jin harshen masu ihun? 'Yan sintirin unguwa su ji wannan da kyau. Aikinsu su gani, su kira, in ta kama su riƙe mutum lafiya har hukuma ta zo. Duka ba aikinsu ba ne, tambayar takardun zama ma ba aikinsu ba ne.

Akwai ɓangaren da akan manta. Ana ta cewa baƙo ya zama wanda ake sa wa ido, ba a cewa shi ma yana da ƙara. An hana shi kuɗin aikin gona, an ƙwace masa akuya, an taɓa 'yarsa. Rundunar 'yan sandan Gana tana da sashe na musamman mai kula da cin zarafin mata da yara, DOVVSU, amma matar da ba ta da takarda ba za ta taka ƙofarsa ita kaɗai ba. Magajiya da shugabannin mata su ne za su raka ta. A wajen suna da biki da bakin famfo ake jin abin da ba ya isa zauren sarki, don haka duk zaman tsaro da aka yi ba mace a ciki, rabin labari aka ji. Kuma ranar da baƙo ya ga an kama ɗan gari saboda ya cuce shi, ranar ce zai yarda cewa ofishin nan nasa ne shi ma.

Mu ma muna da abin da za mu nema daga hukuma, cikin ladabi amma ba da rawar murya ba. Kada kwamanda ya zo zango sai ranar da aka yi gawa. A sa lokaci, ko wata-wata ne, a zauna a ƙofar sarki ko harabar masallaci bayan Juma'a, da liman, da ɗan majalisar gunduma na unguwa, da wakilin baƙin da su suka zaɓe shi, ba wanda muka zaɓar musu ba. A ba mu sunan jami'i ɗaya da lambarsa. A rufa asirin mai kai rahoto, domin in sunan mutum ɗaya ya fita, shekara za a yi ba a sake jin bakin kowa ba. Sannan a dawo mana da amsa. In an kama wani an bincika ba a same shi da laifi ba, a faɗa a fili a wurin da aka kama shi, liman ya maimaita a masallaci. In ba haka ba, an sake shi daga ofis amma unguwa ba ta sake shi ba, mai ɗaki zai kore shi, mai gona ba zai ɗauke shi aiki ba.

Kafin fitowa ta gaba, muna roƙon kowane kwamitin masallaci ya zauna ya rubuta abu uku a takarda ɗaya: sunayen masu tafintar da suka amince a kira su da harshen da kowannensu ke ji, sunan mace ɗaya da za ta riƙa raka mata ofis, da lambar jami'in da ke kula da unguwar. A ba sarkin zango kwafi ɗaya, a ba magajiya ɗaya, a kai ɗaya ofishin 'yan sanda hannu da hannu.