Kiyaye Kyan Hoto a Takardun da Ake Shiryawa da Kwamfuta

Sau da yawa ofishin hakimi yakan aika da littafin bikin naɗin sarauta ko taswirar gunduma zuwa maɗaba'a, sa'an nan aiki ya fito, fuskar Sarki ta yi dishi-dishi, sunayen ƙauyuka ba su karantuwa. Akan ɗora wa mai ɗab'i laifi, alhali kuwa tun daga teburin malamin ofis hoton ya lalace.

Hoton kwamfuta ƙananan ɗigogi ne a jere, watau fiksel, kuma jan hoto ba ya ƙara masa abin da ba a ɗauka ba. Masu ɗab'i sun saba neman ɗigo 300 a kowane inci. Saboda haka hoto mai ɗigo 1200 a faɗi da 1800 a tsawo, iyakarsa inci 4 da inci 6. In malami ya ja kusurwarsa ya kai shi inci 8 da 12, kowane inci ya koma ɗigo 150, sai ya fito kamar an zuba masa ruwa. Allon kwamfuta ba ya nuna wannan aibi, gama ɗigo kaɗan ya ishe shi. Takarda ce take tona asiri. Lissafin mai sauƙi ne: a raba yawan ɗigon da 300, abin da ya fita shi ne girman hoton a inci.

Hanyar da hoto ya biyo ma abin lura ce. WhatsApp yakan matse hoto ya rage shi, sai fa in an aika shi a matsayin fayil. Microsoft Word yakan rage hotuna zuwa ɗigo 220 in ba a hana shi ba. Hoton JPEG kuwa, duk lokacin da aka gyara aka sāke ajiye shi, yakan yi hasarar wani abu da ba ya komowa. Ya kamata a ajiye na asali daban, a yi gyara a kan kwafi, irin TIFF ko PNG.

InDesign ba ya haɗiye hoto cikin shafi, nuni kawai yake yi zuwa inda yake. In an kai shafin maɗaba'a aka bar hotunan a ofis, mai ɗab'i ba shi da abin bugawa sai inuwarsu. Lalle a tattara su wuri guda, ko a fitar da PDF na ɗab'i. Tambarin masarauta kuma ya fi kyau a zana shi da layi, kamar yadda ake yi a CorelDRAW, don irin wannan zane ba ya dusashewa kome girmansa.

Kafin hakimi ya sa hannu a biya kuɗi, sai ya nemi a buga masa shafi ɗaya na gwaji, daidai girman da aikin zai fito, ya karanta sunan ƙauyen da aka rubuta da baƙi mafi ƙanƙanta a taswirar.