DARASIN TARIHI: Hajiya Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Mata

Ranar zaɓe a Tambuwal ko a Kebbe, mata sukan fito da katinsu su shiga layi. Kowace ta karɓi takarda, ta dangwala yatsa, ta jefa a akwati. Yau abin ya zama jiki. Amma akwai lokacin da doka ba ta yarda macen Arewa ta jefa ƙuri'a ba. Wannan darasi yana magana ne a kan wata mata da ta sha wuya kafin a canza wannan doka.

Asalinta

An haife ta a shekarar 1933, ta tashi a Zariya. Sunanta na yanka Hajaratu. Ana ce mata Gambo domin ita ce ke bin tagwaye. Mahaifinta mutumin Ghana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa. Mahaifiyarta kuwa Banufiya ce. Ta fara makarantar firamare a Tudun Wadan Zariya, amma ba ta yi nisa ba. Iyayenta suka rasu tana ƙarama. Aka yi mata aure tana da shekara 13.

Shigarta siyasa

A shekarar 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano ne ya zama jagoranta. Kirarin jam'iyyar shi ne "Sawaba", wato samun sauƙi daga wahala. Gambo ta shiga NEPU tana ƙuruciya, daga baya ta shugabanci ɓangaren mata. Sunan Sawaba ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

A wancan zamani mace ba ta tsayawa gaban taron maza ta yi jawabi. Gambo ta hau dandamali ta yi. Ta riƙa shiga gida-gida tana zantawa da matan kulle. Tana neman a sa 'ya'ya mata a makaranta, a daina aurar da su da ƙuruciya, a daina aikin tilas, kuma a ba mata damar zaɓe. Ta je har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, jagorar matan can, don ta ga yadda suke haɗa kansu.

Wahalar da ta sha

Hukumar En'e ba ta ji daɗin aikinta ba. An kama ta a Kano saboda taron mata, aka ɗaure ta, daga baya aka hana ta zama a birnin. An sha dukanta. An sha kai ta gaban alƙali. An lissafa cewa ta shiga kurkuku sau 16. Duk lokacin da ta fito, sai ta koma kan aikinta.

Yadda aka samu nasara

A babban zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma matan Arewa ba su jefa ba. Aka samu 'yancin kai a 1960, abin bai canza ba. Haka aka yi zaɓen 1964 babu su. Sai a 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka ba matan Arewa damar zaɓe lokacin da aka yi wa ƙananan hukumomi gyara. Tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da wannan dama ga duk wanda ya kai shekara 18, namiji ko mace.

A zaɓen 1979 ne matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Wanda ya ci shi ne Alhaji Shehu Shagari, ɗan Jihar Sakkwato. Matan Tambuwal da na Kebbe suna cikin waɗanda suka samu wannan dama. A lokacin Hajiya Gambo tana cikin manyan shugabannin jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim.

Ta rasu a Zariya a shekarar 2001, tana da shekara 68. An sa sunanta a babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Abin koyi

Hajiya Gambo ba ta da zurfin boko, ba ta da dukiya. Amma ta san haƙƙinta, ta tsaya a kansa fiye da shekara 20. Saboda haka bai kamata mace ta sayar da ƙuri'arta don sabulu ko turmin atamfa ba. Sabulu yakan ƙare cikin mako guda, wanda aka zaɓa kuwa sai ya yi shekara 4. Shi zai sa hannu a maganar rijiya, da asibitin haihuwa, da taki, da makarantar yara.

Ga kuma amfanin ajin yaƙi da jahilci. Macen da ta iya karatu ita za ta duba sunanta a rajista. Ita za ta karanta sunan jam'iyya da kanta, ba sai wani ya nuna mata inda za ta dangwala ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake ce wa Hajaratu Gambo?
2. Faɗi abubuwa 3 da ta nema wa mata.
3. A wace shekara aka ba matan Arewa damar zaɓe?
4. Tambayi wata dattijuwa a garinku yadda ta fara jefa ƙuri'a. Rubuta amsarta cikin layi 5, a karanta a aji.