Launin Gashin Kare da Haɗarin Kiwo Don Kyan Launi

Gabatarwa

Manomi da makiyayi na ajiye kare ne domin gadin gida, tsaron garke ko farauta. Amma a manyan garuruwa irin su Legas da Abuja ana cinikin karnukan ƙasashen waje, kuma launin da ba a saba gani ba shi ke ƙara wa kwikwiyo kuɗi. Kafin ka saya ko ka haɗa barbara, ya kamata ka san cewa wani launin tare da cuta ake gadonsa.

Yadda ake gadon launi

Kowane kwikwiyo na karɓar ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Gregor Mendel ne ya fara bayyana wannan ƙa'ida a shekarar 1866. Sinadarai biyu ke rina gashin kare: ɗaya na ba da baƙi ko ruwan ƙasa, ɗayan kuma ja ko ruwan ɗorawa. Inda babu su, gashi kan fito fari. Ƙwayoyin jikin da ke yin wannan rini suna kuma cikin kunne, kuma sai da su ji ke tabbata. Saboda haka abin da ya taɓa launi yana iya taɓa ji.

Launukan da ke da haɗari

1. Roɗi-roɗi, wanda masana ke kira merle. Ana samunsa a karnukan kiwon tumaki irin su Boda Koli. An gano ƙwayar gadonsa a 2006. Karen da ya gaji ƙwaya ɗaya yawanci lafiyarsa ƙalau. Idan ka haɗa kare da karya masu roɗi-roɗi, kowane kwikwiyo na da damar ɗaya cikin huɗu ta gadar ƙwayar sau biyu. Irin wannan kan fito kusan fari fat, galibi kurma, ko makaho, ko mai ƙananan idanu. Wannan ne ya sa ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ta daina yi wa 'ya'yan irin wannan haɗin rajista daga 2013.

2. Fari mai yawa a kai da kunnuwa. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na karnukan Dalmeshiyan ba sa ji da kunne ɗaya ko duka biyu.

3. Launin toka mai shuɗi-shuɗi, musamman a karnukan Dobaman. Da yawansu gashinsu kan kakkarye ya zube, fata ta bushe ta riƙa yin ƙuraje. Ana iya sauƙaƙa matsalar, amma ba ta warkewa.

Haƙƙin dabba a kanka

Karen da ba ya ji ba zai ankara da ɓarawo ba, ba zai amsa kira ba, kuma mota na iya buge shi. Wanda ya san haɗarin, ya haɗa barbarar don neman riba, ya cuci dabbar ya kuma cuci mai saye. Irin wannan kyau, kyan ɗan maciji ne.

Abubuwan da za ka kiyaye

1. Kada ka haɗa roɗi-roɗi da roɗi-roɗi. Ɗayansu ya zama mai launi guda.

2. Nemi ganin uwa da uban kwikwiyo, domin jan gashi kan ɓoye roɗi-roɗi.

3. Guji haɗa uba da 'ya, ko 'yan ciki ɗaya, don tabbatar da launi. Yin haka na fito da cututtukan gado da ke ɓoye.

4. Idan kwikwiyo ya kai mako biyar, tafa hannu ta bayansa ka ga ko zai juya. Wannan gwaji ba ya gano kurumtar kunne ɗaya, sai likitan dabbobi mai na'ura.

5. Kada ka bar kurman kare ya hayayyafa. A kai shi a yi masa fiɗiya, a ci gaba da kula da shi.

Kammalawa

Malamin gona, ka nuna wa manoma cewa lafiya, ji, gani da hali su ake fara dubawa, launi ya biyo baya. Karen gida da ya saba da zafin ƙasarmu, aka yi masa allurar rigakafin hauka a kan kari, ya wadatar wajen gadi da farauta.