Darasi: Ƙauyen Tolpuddle da Majami'unsa Biyu

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata ya kai mu kudancin Ingila, wani ƙauye a lardin Dorset wai shi Tolpuddle. Ƙaramin gari ne a bakin rafi, har yau mazaunansa ba su kai dubu ba.

Wajen shekara ta 1830 yawancin mutanen garin ba su da ko taki ɗaya na gona. Ƙasa tana hannun masu arziki, talaka kuwa ƙodago ya ke yi, a biya shi mako-mako. Majami'u biyu ne a garin. Akwai tsohuwar majami'ar Anglika ta St. John, ginin dutse, inda masu gonaki su ke sujada. Akwai kuma ɗan ɗakin sujada na Methodist, ginin ƙasa, wanda aka gina a 1818. A nan wani ɗan ƙodago, George Loveless, ya kan yi wa'azi ran Lahadi.

Loveless ya rubuta cewa sun yi yarjejeniya da masu gonaki a kan za a biya su kamar yadda a ke biyan maƙwabtansu, watau sule 10 a mako, limamin St. John kuwa ya tsaya shaida. Amma sule 9 aka ba su, aka rage zuwa 8, sa'an nan 7. Da suka kai ƙara, sai limamin ya ce shi bai yi wani alkawari ba. Nan mu ke so ku dakata ku tattauna a taronku: mutumin kirki ne ku ke dogara gare shi, ko takarda mai sa hannu? Mu dai mun ga ƙungiyoyi da dama sun watse a kan maganar baka.

Da aka fara zancen sule 6, sai suka kafa ƙungiyar 'yan ƙodagon gona a 1833. Doka ba ta hana ƙungiya ba, amma sun yi rantsuwa a asirce, da ita aka kama su, aka jawo wata dokar rantsuwa ta 1797. A 1834 aka yanke wa mutum shida, har da Loveless, hukuncin shekara bakwai a Ostareliya. Biyar daga cikinsu 'yan Methodist ne.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Mutum wajen 800,000 suka sa hannu a takardar roƙo, a 1836 gwamnati ta yi musu afuwa.

Biyar sun ƙaura Kanada daga baya. James Hammett kaɗai ya koma Tolpuddle da zama, yana aikin gini. Ya rasu a 1891, aka binne shi a harabar majami'ar St. John. Itacen da a ke cewa a gindinsa su kan taru yana nan tsaye a tsakiyar gari, kowane watan Yuli kuma ƙungiyoyin ma'aikata su kan zo bikin tunawa da su.